Ƙwayar Suga a Titin Zariya: Maganin da Ya Riga Iliminsa Isowa

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga gadar Dangi ya nufi Unguwa Uku, ba zai rasa ganin abu biyu ba: katangar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda Kanawa suka taƙaita wa suna Asibitin Malam, da kuma jerin kyamis-kyamis da ɗakunan gwajin jini da suka yi masa zobe tun daga Gyadi-Gyadi har cikin lungunan Darmanawa. Asibitin ne ya haifi wannan kasuwa. Mara lafiya zai fito daga wurin likita da takarda a hannu, ya tsallaka titi, ya miƙa ta ga yaron kanti. Maganin hawan jini da na ciwon suga suna cikin abin da aka fi rubutawa a irin waɗannan takardu, kuma a cikin na suga akwai wata 'yar farar ƙwaya mai araha wadda dattawa suka fi sani da sunan Daonil, likitoci kuma suke kira gilibenkilamaid.

Wannan ƙwaya tana da tarihi mai ban mamaki. An gano danginta bisa tsautsayi a 1942, aka yi ta ba mutane ita a duniya, amma sai a 1985 masana suka san takamaiman inda take taɓawa a jikin ɗan Adam. Shekara 43 ke nan magani yana aiki, masu ba da shi ba su san ta wace ƙofa yake shiga ba. Da aka gano ƙofar kuwa, sai aka fahimci dalilin da ya sa maganin da ke ceton wani yake kayar da wani ana dab da shan ruwa a watan azumi.

Shi kansa wurin da ake wannan ciniki sabo ne a tarihin Kano. Darmanawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni duk a bayan ganuwa suke, yankin ƙauyuka da gonakin gero da dawa da gyaɗa, kafin birni ya kumbura ya haɗiye su. Asibitin da Kanawan da suka sani shi ne Asibitin Birni, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1920, yau ake kiransa Asibitin Murtala. A can ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bayero ya fara zaman aro bayan an kafa shi a 1988, shekara biyar da rasuwar Malam Aminu Kano, kafin ya tare a mazauninsa na dindindin a 1996. Zuwansa ya sauya unguwar. Ma'aikata suka nemi haya, 'yan jinya daga Jigawa da Katsina da Damagaram suka nemi masauki da abinci, masu fili suka yi shaguna. Ƙidayar 2006 ta samu mutum 221,367 a ƙaramar hukumar Tarauni, cikin fili da bai wuce murabba'in kilomita 28 ba. A 2002 aka yi dashen ƙoda na farko a asibitin, kuma ciwon suga da hawan jini suna sahun gaba wajen kai mutane ɗakin wankin ƙoda har gobe.

Cin abinci ma ya sauya tare da unguwar. Zaƙin Bahaushen da bai wuce zuma da rake da dabino da mazarƙwaila irin ta ƙasar Zazzau ba, sai nakiya da alewa ranar biki. Cimar yau da kullum tuwon dawa ne da fura, bayan an wuni ana noma ko an taka daga ƙauye zuwa Kasuwar Kurmi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kwashi gyaɗa da fatu, ya sauke kayan kanti, cikinsu har da farin sukari. Teburin mai shayi ya biyo baya, da burodi, da lemon kwalba. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ta mayar da Kura da Kadawa gidan shinkafa, shinkafar da a da sai sallah ta zama abincin rana da dare. Sannan acaɓa, bayansa adaidaita sahu, suka ɗauke wa ƙafa aikinta. Ba daidai ba ne a ɗora wa sukari laifin duka, domin gado da shekaru da ƙiba da zaman wuri ɗaya duk suna da hannu, amma wanda ya duba yadda rayuwar Tarauni ta juya cikin ƙarni guda ba zai yi mamakin cikar layin asibitin masu suga ba.

Alƙaluma sun nuna haka. A farkon ƙarni na ashirin, likitan mishan Albert Cook da ke Uganda ya ɗauki cutar a matsayin abin da ba kasafai ake gani ba a wurin baƙar fata. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 1992 ƙarƙashin Farfesa Akinkugbe ya samu kashi 2.2 cikin 100. A 2018, Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam, tare da abokan aikinsa, suka tattara binciken da aka yi a faɗin ƙasa suka fitar da kashi 5.77 cikin 100, wato mutum kimanin miliyan 11. Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci da kashi 3, Kudu maso Kudu ta fi yawa da kashi 9.8. Kada wannan kashi 3 ya ruɗi kowa: a yanki mai jama'a irin namu, kashi 3 dubban ɗaruruwa ne, kuma da yawa ba su taɓa yin gwaji ba.

Alamar da tsofaffi suke kafa hujja da ita, wato kiyashi ya taru a inda mutum ya yi fitsari, tsohuwar alama ce ƙwarai. Likitocin Indiya na zamanin Sushruta da ita suke gane cutar. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta ta a littafinsa Al-Ƙanun, ya ambaci ruɓewar gaɓoɓi da raunin mazakuta, ya kuma haɗa magani da hulba a ciki, hulbar nan dai da ake aunawa yau a shagunan maganin Musulunci. Sai dai duk waɗannan masana a kan fitsari da ƙoda hankalinsu ya tsaya. Babu wanda ya zargi fankiriyas, wata doguwar tsoka mai laushi da ke kwance a bayan tumbi.

A 1869 wani ɗalibin likitanci a Balin, Paul Langerhans, ya hango wasu ƙananan curi-curi warwatse a cikin wannan tsoka, bai san aikinsu ba. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas, kare ya kamu da ciwon suga nan take. A 1921 a Toronto ta Kanada, Frederick Banting da Charles Best, a ɗakin binciken John Macleod, suka tatso sinadarin da curin nan suke yi, James Collip ya tace shi, kuma a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar insulin ya tashi daga bakin kabari. Masu binciken sun sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu. Wanda ya san kuɗin kwalbar insulin yau a Gyadi-Gyadi yana da damar ya yi tsaki.

Labarin ƙwayar sha kuwa daga yaƙi ya fito. A bazarar 1942, Faransa na cikin ƙuncin Yaƙin Duniya na Biyu, zazzaɓin taifot ya ɓarke a garin Monfeliye. Likita Marcel Janbon ya gwada wani sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta mai lamba 2254 RP a kan majinyatansa. Maimakon sauƙi, sai wasu suka shiga karkarwa da farfaɗiya da dogon suma, wasu suka mutu. Waɗanda aka ɗura wa ruwan sukari a jijiya suka farfaɗo. Janbon ya kai maganar ga abokin aikinsa Auguste Loubatières, shi kuma ya koma kan karnuka. Ya ba kare mai fankiriyas maganin, sukarin jininsa ya faɗi. Ya ba wanda aka cire wa, babu abin da ya faru. Ya yanke hukunci cewa maganin tunzura fankiriyas yake yi ya saki insulin, ya kuma ce zai yi wa masu ciwon suga amfani. Ba a saurare shi ba sai bayan shekara goma da 'yan kai, lokacin da irin wannan tsautsayi ya maimaita kansa a Jamus: wani matashin likita, Joachim Fuchs, ya sha wani ɗan'uwan maganin da kansa don ya ji abin da majinyata suke ji, yunwa da zufa da rawar jiki suka rufe shi. A 1955 shi da maigidansa Hans Franke suka wallafa sakamakon ba masu ciwon suga wannan magani. Tolbutamaid ya fito a 1956, gilibenkilamaid kuma, wanda ya ninka shi ƙarfi sau da yawa, ya shiga kasuwa a 1969. Dangin nan gaba ɗaya ana kiransu salfonilyuriya.

To, ta ina suke tunzura fankiriyas? Don a gane amsar, sai an leƙa cikin curin Langerhans. Mutum yana da kimanin miliyan guda, amma duk an haɗa su ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin fankiriyas ba. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ake kira beta, kowace ɗaya ɗauke da dubban ƙunshin insulin tana jiran umarni.

Bakano ba ya buƙatar dogon bayani a kan gari mai ganuwa da ƙofofi, kowace da Sarkin Ƙofarta da ƙa'idar buɗewa da rufewa. Haka ƙwayar beta take. Fatar da ta kewaye ta ita ce ganuwa, kuma akwai ƙofofi iri uku da suka shafi wannan labari. Ta farko ƙofar fotasiyam ce, sinadarin nan da ke cikin wake da ayaba da ruwan toka. Muddin mutum bai ci abinci ba, a buɗe take, fotasiyam yana ta sulalewa waje ɗauke da cajin lantarki, wanda hakan ke barin cikin ƙwayar a kwance, kimanin milibolt 70 ƙasa da waje. Da tuwo ya narke sukari ya shiga jini, sai ƙwayar beta ta ɗauke shi ta ƙona, ta samar da makamashin da ake kira ATP. Shi ATP ɗin ne yake rufe ƙofar farko. Fotasiyam ya rasa hanyar fita, caji ya taru a ciki, sai ƙofa ta biyu ta buɗe, ta kalsiyam, wadda ba ta jin kiran kowa sai na lantarki. Kalsiyam ya kwararo ciki, ya tura ƙunshin insulin zuwa bakin ganuwa, suka fashe cikin jini.

Da a nan aka tsaya, da ƙwayar ta yi ta sakin insulin ba hutu har sai sukari ya sauka. Ƙofa ta uku tana taimakawa wajen hana hakan. Ita ma ta fotasiyam ce, amma kalsiyam ne yake buɗe ta. Wato baƙon da ya shigo ya tayar da gari, shi ne kuma da kansa yake zare sakatar da za ta kwantar da shi: fotasiyam ya samu sabuwar mafita, caji ya sauka, ƙofar kalsiyam ta rufe, ƙwayar ta huta kafin ta sake tashi.

Kafin a kai ga wannan tsararren bayani an sha gardama, kuma abin sha'awa shi ne ƙofa ta ukun aka fara sani. A 1958 wani masani a Budafes ta Hangari, György Gárdos, ya lura cewa idan kalsiyam ya ƙaru a cikin jajayen ƙwayoyin jini, fotasiyam yana tsiyayewa. Wannan ƙofa tana ɗauke da sunansa har yau, kuma ba baƙuwa ba ce ga gidajen da ke da mai sikila: ta nan ne jajayen ƙwayoyin mai amosanin jini suke zubar da fotasiyam da ruwa, su bushe, su lanƙwashe. An ma ƙera magani mai suna senikafok don toshe ta, ya gyara jini amma bai rage tashin ciwo ba, aka dakatar da gwajinsa a 2007.

A 1968, Philip Dean da Keith Matthews na Jami'ar Kambirij suka soka wata siririyar allurar gilashi a cikin ƙwayar beta ta ɓera, suka ga abin da ba a zata ba: da an ƙara sukari sai ta fara harba lantarki irin na jijiya, ba a jere ba, a'a, ta yi ruwan harbi na 'yan daƙiƙoƙi, ta yi shiru, ta sake. Yawan sukari yana tsawaita harbin yana gajarta shirun. Me ke kawo wannan shiru? A 1979 Illani Atwater da Eduardo Rojas da abokan aikinsu a Ingila suka ce ƙofar fotasiyam mai jin kalsiyam ce, har wasu suka ɗauka ita ce ma sukari yake rufewa tun farko. A 1983 Teresa Chay da Joel Keizer suka gina lissafin da ya kwaikwayi harbin da shirun a kan wannan zato, kuma ɗaliban lissafin halitta suna karanta shi har yanzu.

Ɗaya daga cikin abin da su Atwater suka yi amfani da shi wajen toshe ƙofofin fotasiyam tsohon sananne ne a ƙasar nan: kwinin. Shi ne maganin da William Baikie ya ɗora ma'aikatan jirginsa a kai a 1854 ya hau Kwara da Binuwai ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya ba, abin da ya buɗe wa Turawa hanyar shigowa. Tsofaffin nas-nas na Asibitin Murtala da na Malam sun san ƙa'idar: ba a ɗaura wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kwinin sai a cikin ruwan sukari, musamman mai juna biyu. A 1983 Nicholas White da abokansa a Tailan suka nuna dalili, cewa kwinin yana sa insulin ya yi ambaliya a jini. Daga baya aka tabbatar yana toshe ƙofofin fotasiyam na ƙwayar beta, har da ta farkon. Babban gwajin da aka wallafa a 2010 a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, da Najeriya a ciki, ya samu mace-mace kashi 8.5 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa allurar atesunet, kashi 10.9 ga na kwinin, kuma faɗuwar sukari ta fi yawa a ɓangaren kwinin. Shi ya sa atesunet ya karɓe gaba a ɗakunan yara.

Abin da ya raba gardamar ƙofofin sabuwar dabara ce. A 1976 Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka samo hanyar manna bakin gilashi a kan ɗan mitsitsin yanki na fatar ƙwayar halitta, har a ga buɗewa da rufewar ƙofa ɗaya tak. Sun karɓi kyautar Nobel a 1991. A 1983 Akinori Noma na Japan ya ga ƙofar fotasiyam da ATP ke rufewa a tsokar zuciya. A 1984 Frances Ashcroft ta Jami'ar Okisfod, tare da Donna Harrison da Stephen Ashcroft, suka kalli sukari yana rufe irin wannan ƙofa a ƙwayar beta, Daniel Cook da Nicholas Hales kuma suka nuna a shekarar cewa ATP ne mai rufewar. A 1985 masana a Kambirij suka ɗiga salfonilyuriya a kan ƙofar, ta rufe ruf ba tare da ko ƙwayar sukari ɗaya ba. Tambayar da Janbon ya bari a Monfeliye ta samu amsa.

Ita kuwa ƙofa ta uku, sai da aka nemi taimakon kunama da ƙudan zuma kafin a tantance matsayinta. A 1985 Christopher Miller a Amurka ya samo wata guba a cikin dafin kunamar hamada, irin wadda ake samu daga Arewacin Afirka zuwa Gabas ta Tsakiya, gubar da take toshe babbar ƙofar fotasiyam mai jin kalsiyam, wadda masana ke kira BK. Dafin zuma kuma yana da afamin, mai toshe ƙananan, wato SK. Da aka zuba gubar kunama a kan ƙwayoyin beta na ɓera a 1991, harbi da shiru suka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Zaton 1979 ya sha ƙasa, aƙalla game da BK. Amma a 1999 Sven Göpel da Patrik Rorsman da abokansu a Suwidin suka auno wani kwararar fotasiyam mai tafiyar hawainiya da ke taruwa yayin harbi har ya kashe shi. Bincike na gaba ya nuna kusan rabinsa daga ƙofar farko yake, wadda take sake buɗewa idan aikin fitar da kalsiyam ya cinye ATP, sauran kuma daga ƙananan ƙofofi masu jin kalsiyam. A 2008 kuma, da Matthias Braun da Rorsman suka auna ƙwayoyin beta na mutum ba na ɓera ba, sai ga BK tana da babban aiki: ita ke yanke tsayin kowane harbi, kuma toshe ta yana ƙara yawan insulin. Ashe su Atwater ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Sun dai ba ƙofar sarautar da ta fi ƙarfinta.

Wannan tashi da hutawa ba ado ba ne. Fankiriyas mai lafiya yana sakin insulin ne guntu-guntu, kusan duk bayan minti biyar, kuma hanta ta fi jin sa a haka. A 1988 Stephen O'Rahilly da abokansa a Okisfod suka gano cewa wannan tsari yana rikicewa a jikin 'yan'uwan masu ciwon suga na jini tun kafin cutar ta bayyana sosai.

Mafi daɗin abin da ilimin ƙofofin ya haifar ya zo ne a 2004, lokacin da Andrew Hattersley da Anna Gloyn na Egzita, tare da Ashcroft, suka gano cewa da yawa daga cikin jariran da ke kamuwa da ciwon suga kafin wata shida, ƙofarsu ta farko ce aka haife su da ita ba ta jin ATP. A rahoton 2006, mutum 44 cikin 49 masu irin wannan lalura suka ajiye allurar insulin suka koma shan salfonilyuriya, sukarinsu ma ya fi daidaita. Iri ne da ba shi da yawa, kuma sai da gwajin gado ake tabbatar da shi, amma darasi ne ga duk likitan yara da aka kawo wa jariri mai suga.

Ga mafi yawan masu sayen Daonil a Titin Zariya kuwa, darasin na gargaɗi ne. ATP yana rufe ƙofa ne idan an ci abinci, ya sake ta idan sukari ya sauka. Gilibenkilamaid bai san wannan ba. Ya kama ƙofa ya kama ke nan, ko an ci ko ba a ci ba, har tsawon wuni guda, kuma ƙofa ta uku ita kaɗai ba ta isa ta tsayar da insulin ba. Idan ƙoda ta yi rauni, abin da ya saura na maganin yana taruwa a jiki ya ƙara daɗewa. Shi ya sa dattijon da ya sha ƙwayarsa da sahur zai iya kaiwa la'asar yana zufa, hannu na rawa, magana na sarƙewa, iyali su zaci aljanu ne ko shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi kan mutum 12,243 game da azumin 2001 ya samu kashi 79 cikin 100 na masu ciwon suga nau'i na biyu, irin wanda ake shan ƙwaya dominsa, suna azumtar aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka sau bakwai da rabi a tsakaninsu cikin watan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka gilikilazaid a jerin muhimman magunguna, ta ce gilibenkilamaid bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Ƙa'idojin azumi da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2016, ta sabunta a 2021, su ma sun ce a kauce masa a Ramadan.

Me ya sa har yanzu yake kan kanta? Araha. Bayan an saki naira a Yunin 2023, kuɗin magani ya yi tashin da ya kori mutane da yawa daga sababbin magunguna zuwa tsofaffi, wasu ma zuwa shuwaka da garafuni da sassaƙen maɗaci. A ƙarshen 2023 ɗin kamfanin Sanofi, mai Daonil, ya sanar da cewa zai daina rarraba kayansa da kansa a Najeriya, ya miƙa wa dillali. A Fabrairun 2024 kuma hukumomi suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari don tilasta wa 'yan sari komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, a kan Titin Zariyar nan dai, da nufin rage jabu da maganin da rana ta gasa. Mataki ne mai kyau, amma bai taɓa babbar matsalar ba, wato mutumin da likita ya rubuta wa ƙwaya shekara goma da suka wuce, yake ta sayenta da tsohon kwali, bai sake komawa an duba ƙodarsa ba. Mafi haɗari shi ne mai haɗa ƙwayar da jiƙon gargajiya, domin babu wanda ya san jimillar abin da ya sha. Metfomin, wanda Jean Sterne ya fara ba masu suga a Faransa a 1957, ba ya taɓa waɗannan ƙofofi, a hanta ya fi aiki, shi ya sa shi kaɗai da wuya ya kayar da mutum.

Wanda ƙwayoyin betansa suka ƙare, kamar yara masu nau'i na ɗaya, babu ƙofar da za a rufe masa. Insulin ne kawai, kuma duk mai cewa zai raba shi da allura da jiƙo yana wasa da ransa ne. Rashin wuta ma ba hujjar dainawa ba ce. Binciken da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Zafin Kano a watan Afrilu yana wuce haka, don haka dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta ba shi kyautar Rolex a 2000, tana da amfani a ɗakin mai allura.

Duk mai shan Daonil ko wani gilibenkilamaid a Darmanawa da kewaye, musamman wanda ya haura sittin ko mai ciwon ƙoda, ya ɗauki kwalin maganinsa ya je wurin likita tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban, kada ya jira a ga wata, kada kuma ya sauya magani da kansa. Iyali su tanadi na'urar gwaji. Malaman da suka zauna da likitoci kan ƙa'idojin nan sun ce huda yatsa ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ko ya haura 300, a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba, a rama daga baya. Wanda kuma aka tarar ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita sunan ƙwayar da lokacin da ya sha ta.